Inna ta ce harararta nake yi, ni kuwa mutum biyu nake gani

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, 'ya'yana uku, muna zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, gida ɗaya da mahaifiyar maigidana. Bayan haihuwata ta ƙarshe na fara ramewa ga shi ina ci sosai, zufa ko da sanyi, gabana na faɗuwa, hannuna na rawa. An yi ta yi mini maganin taifot da maleriya, sai daga baya gwajin jini ya nuna tayirod ce ta hau. Wata takwas ke nan ina shan kabimazol, jikina ya dawo, likita ya ce jinin ya daidaita. Amma idanuna sai gaba suke yi. Sun firfito, na hagu ya fi, suna ja, suna hawaye, in na juya su ina jin ciwo. Da safe abu ɗaya biyu nake ganinsa, ɗaya bisa ɗaya. Na sha zuba shayi a gefen kofi. In zan dubi mutum sai na ɗaga haɓa. Inna ta ce harararta nake yi, wai kuma na koyi ɗaga kai. Ƙanwar maigida ta ce iska ce, a yi mini hayaƙi. Shi maigidan yana tausaya mini, sai dai yana shan taba a ɗaki. Maƙwabciyata ta ce a Kaduna ana aiki a mayar da ido. Ina da 'yan kunne da sarƙa na zinari, in sayar in tafi? Kuma idona zai koma yadda yake?

Maman uku, Mabera

Amsa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ki riƙe zinarinki tukuna. Aikin da maƙwabciyarki take faɗi ana yin sa, amma ke lokacinsa bai yi miki ba, kuma likitan da ya san aikinsa ba zai kai wuƙa ga idon da ke ja yana ciwo ba, sai in gani ne ke shirin tafiya. Abin da lokacinsa ya yi, har yana neman wucewa, shi ne ganin likitan ido. Ina nufin cikin wannan makon.

Na san abin da ya ɗaure miki kai: an ce jini ya daidaita, to me ya sa ido bai ji labari ba? Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, aikinsa fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki. Ba ni ce na duba ki ba, amma alamomin da kika jero sun yi daidai da abin da likitoci ke kira cutar Graves, da sunan wani likitan ƙasar Ailan, Robert Graves, wanda ya bayyana ta a 1835. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke ruɗewa. Sai ta ƙera wasu sinadarai da ke zuwa su kama tayirod su sa ta aiki ba hutawa. Matsalar ita ce ba a wuya kaɗai suke samun makama ba; ƙwayoyin da ke cikin kitse da tsokokin bayan ido su ma suna da irin wannan makamar. Kabimazol ya hana tayirod fitar da sinadari fiye da kima, shi ya sa ramar da faɗuwar gaban suka tafi. Abin da ke gudana a bayan ido kuwa ba huruminsa ba ne. Don haka ciwon idon yakan zo tare da na wuyan, yakan riga shi, yakan kuma biyo bayansa da watanni, har akwai masu ciwon idon da gwajin jininsu lafiya lau. Cikin masu cutar Graves, daga mutum 1 cikin 4 zuwa kusan rabi sukan samu alama a ido, yawancinsu mai sauƙi. Waɗanda abin ke kaiwa ga barazanar makanta ba su wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba.

Yanzu ki saurari abin da ke faruwa a cikin idon, don a nan amsar Inna take.

Kowane ido tsoka shida ke juya shi. Huɗu miƙaƙƙu ne, ta sama, ta ƙasa, ta wajen hanci da ta wajen kunne, sai biyu da suka zo a karkace. Goma sha biyun nan dole su yi aiki tare daidai wa daida, idanun biyu su sauka a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, kafin ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu su zama ɗaya. Dukansu suna zaune ne cikin kwarmin ido, wanda ƙashi ya kewaye ta ko'ina sai gaba, kuma duk faɗinsa bai fi mililita 30 ba, wato cikin babban cokali biyu. Idan garkuwar jiki ta far wa wurin, ƙwayoyin nan sukan riƙa fitar da wani abu mai yauƙi da ke jan ruwa. Tsokar ta kumbura, kitsen ya ƙaru, ƙashi kuwa ba ya matsawa. Hanya ɗaya ta rage, ita ce gaba. Firfitowar ke nan.

Ke 'yar Sakkwato ce, kin san fata. Igiyar fata in ta sha ruwa sai ta kumbura ta yi nauyi. In aka bar ta ta bushe haka nan sai ta tsuke ta ƙandare, ba ta ƙara miƙewa. Haka tsokar ido take yi a wannan cuta, kumburi da farko, tsukewa da ƙandarewa daga baya. Ki lura, ba shanyewa ta yi ba, ba kuma mutuwa ta yi ba. Kafin ido ya dubi sama, sai ta sama ta ja, ta ƙasa ta saki. To ta ƙasan ce ta ƙi saki. Likitoci sun daɗe da gane cewa ta ƙasa ce cutar ta fi kamawa, sai ta wajen hanci, sai ta sama, sai ta wajen kunne. Da yake ba ta kama idanun biyu daidai, ɗaya yakan fi ɗaya ɗaurewa ƙasa, shi ya sa kike ganin kofi bisa kofi. Wadda ta wajen hanci ta kama, idonta yakan karkato ciki, ta riƙa ganin abu biyu gefe da gefe, mutane su ce ta zama harara-garke.

Ɗaga haɓar ma daga nan ta fito. In kin ɗaga haɓa, idanun suna duban ƙasa-ƙasa ne a cikin kwarminsu ko da abin da kike kallo yana gabanki, a nan ne kuma biyun suka fi daidaita. Jikinki ne ya samo wa kansa dabara ba da saninki ba. Ita kuma harara, fatar ido ta sama ce ta janye baya. Tsokar da ke ɗaga fatar tana tafiya tare da mai ɗaga ido, don haka duk lokacin da kika yi yunƙurin duban sama ta ƙasa ta riƙe, ƙarfin da kika ƙara sai ya zarce ga fatar, ta ƙara buɗewa, farin ido ya bayyana a saman baƙin. Duk wanda ya ga haka zai rantse zare masa ido ake yi. Ki tuna yadda kike gaishe da Inna da safe: kin durƙusa, tana zaune a bakin gado, sama da ke. Kin ɗago don ki dube ta, wato kin nufi ainihin inda idonki ya fi kasawa, a lokacin da ya fi kumbura, don ruwa yakan taru a kwarmin ido in mutum ya kwana a kwance. Ni ban ga laifin Inna da ta yi zaton harara ba ce. Abin da idonta ya nuna mata ta faɗa.

Ki gwada wannan yau: ki rufe ido ɗaya da tafin hannu. In biyun ya koma ɗaya, rashin daidaiton idanun ne, kamar yadda na bayyana. In ya ci gaba da ido ɗaya, wata matsala ce daban, ki gaya wa likita. Haka kuma in kin lura abin ya fi tsanani da yamma, fatar idon tana saukowa maimakon janyewa, ki faɗa, don akwai wata cutar raunin tsoka da wani lokaci ke zuwa tare da ta tayirod, maganinta daban.

Dalilin da na ce kada a yi aiki yanzu shi ne cutar tana da zango biyu. Zangon farko na kumburi ne: ja, ciwo, hawaye, abu yana sauyawa daga wata zuwa wata. Yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara 2. Bayansa wutar takan mutu da kanta, sai dai abin da ta ƙona ya ƙonu. Magani yana aiki ne a zangon farko, tun tsokar tana kumbure ba ta ƙandare ba. Wuƙa kuma tana aiki ne a zango na biyu, bayan komai ya tsaya cik. In aka daidaita ido yau, bayan wata uku tsokar ta ƙara tsukewa, an yi aikin banza. Ja da ciwon da kika ambata suna nuna har yanzu kina zangon farko, kuma duk watan da ya wuce ba a rage kumburin ba, wani abu yana ƙandarewa da allura ba za ta iya warwarewa ba. Mutanenmu sukan juya lissafin nan: su zauna a gida duk tsawon lokacin magani, sannan su zo neman magani a lokacin wuƙa.

Ba sai kin fara da Kaduna ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen ido, yana da likitocin cututtukan tayirod da sukari. Ki nemi likitan da ke ba ki kabimazol ya rubuta miki takardar turawa, don su biyun dole su riƙa jin juna. In aka ga abin ya fi ƙarfin nan, su za su tura ki Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma zuwa da takarda ya fi zuwa da ka. Za a auna ƙarfin ganinki, ganin launi, yadda idon ya fito, iyakar juyawarsa ta kowane gefe, da matsin cikinsa. A nan ki san wani abu: tsokar ƙasa in ta ɗaure takan sa matsin ido ya hau lokacin da mutum ya dubi sama, har a yi zaton hawan jinin ido ne, don haka likitan ido ya san kina da tayirod tun daga bakin ƙofa. Mai yiwuwa a ce ki yi hoton siti-sikan, wanda zai nuna tsokokin da suka kumbura ɗaya bayan ɗaya. In za a taɓa zinari, irin wannan wurin ne ya cancanta.

Ga wadda ta kai ga gani biyu, maganin da aka fi amfani da shi sitiroyid ne, wato allurar rage kumburi ta jijiya, sau ɗaya a mako har mako 12, wani lokaci a haɗa da wani maganin kwantar da garkuwar jiki. Kafin a fara sai an duba sukari, hawan jini da hanta, don magani ne mai ƙarfi. Akwai kuma gashin haske da ake yi wa bayan ido, wanda ke taimaka wa motsin tsoka. Sinadarin seleniyom, maikirogiram 100 sau biyu a rana tsawon wata 6, an gwada shi a Turai an wallafa sakamakon a 2011, ya taimaki masu ciwo mai sauƙi. Naki ya wuce nan, kada ki dogara da shi. In kin shiga intanet za ki ci karo da wata allura, Tepezza, da Amurka ta amince da ita a 2020. Tana rage firfitowa, amma kuɗinta ɗaruruwan dubban dala ne, kuma tana iya taɓa ji. Ki bar ta inda kika gan ta.

Akwai alamomin da in kin gan su ba a jiran ranar kilinik. Tsokokin in suka kumbura sosai a can ƙuryar kwarmi suna iya matse jijiyar gani, kuma hakan yakan faru ko a idon da bai firfito da yawa ba. Kowace safiya ki ɗauki jan tumatir ko jan murfin roba, ki dube shi da ido ɗaya, sannan da ɗayan. In ja ya dusashe a ido ɗaya, ko gani ya yi hazo wanda ƙiftawa ba ta gyarawa, ki tafi asibiti a ranar. Ki kuma roƙi maigida ya haska fuskarki da tocila in kin yi barci, ya ga ko idanun suna rufewa ruf. Idon da ke kwana a buɗe yakan bushe, ya yi gyambo, ya bar hakiya. Farin ɗigo a kan baƙin ido, ko ciwo mai tsanani da ƙin haske, shi ma na gaggawa ne.

Sai maganar taba, kuma a nan ba zan sassauta ba. Cikin duk abin da ke tsananta wannan ciwo wanda mutum ke da iko a kansa, babu kamar hayaƙin taba. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da ciwon idon kusan ninki 7 zuwa 8, nasa ya fi muni, magani kuma ba ya kama shi yadda ya kamata. Ke ba kya sha, amma kina kwana cikinsa, wannan ma likitoci suna lissafa shi. Kin ce yana tausaya miki. To ga inda tausayin zai yi amfani. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya natsu, ki ce masa, "Maigida, an ce hayaƙin nan yana ƙara mini ciwon ido, don Allah a riƙa sha a waje." Ba ki ce ya daina ba, wannan yaƙinsa ne, in ya daina ma shi ya fi cin riba. Shisha ma taba ce, kada wani ya ce miki ruwa ya tace ta.

Hayaƙin da ƙanwar maigida take so a yi miki, ki ƙi shi cikin ladabi. Addu'a da tofi ba su hana allura, ki karɓa da hannu biyu. Amma idon da ba ya rufuwa sosai ba a turara shi, ba a ɗiga masa ruwan ganye, nonon mace ko ruwan rubutu. Kwalli ma ki ajiye shi zuwa wani lokaci. Turaren wuta ki sa wa ɗaki ki fita, in ya lafa ki dawo. Haka maganin ɗigawa na kemis mai cire ja nan take: da yawansu akwai sitiroyid a ciki, ba ya kaiwa bayan ido inda ciwon yake, sai dai ya jawo hawan jinin ido da yana.

Abin da za ki iya yi a gida kafin ganin likita kaɗan ne, amma yana rage wahala. Hawayen roba, wanda ake ɗigawa don laima kawai, sau da yawa a rana, da man ido mai kauri da dare. Baƙin tabarau mai rufe gefe in za ki fita, don ƙurar hunturu da zafin bazarar garin nan ba su raga wa lafiyayyen ido ba balle naki. Ki sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, kumburin safe zai ragu. Lokacin girki da tsallaka titi, ki rufe gilashi ɗaya na tabarau da filasta. Gara gani ɗaya mai kyau da biyu masu ruɗi a gaban tafasasshen mai, kuma rufewar ba ta lalata idon babba. Daga baya likita yana iya manna miki wani siririn gilashi mai karkatar da haske, ya haɗe hotunan biyu.

Kada ki daina kabimazol don an ce jini ya daidaita, kada kuma ki tsallake gwaji. In maganin ya yi yawa tayirod ta faɗi ƙasa, ido yakan ƙara lalacewa, kamar dai yadda hawanta ke yi. In aka kawo shawarar kashe tayirod da maganin aidin mai haske, wanda ake sha ya je ya ƙone ta, ki tabbata likitan ya san halin idonki, don wannan magani yana iya tayar da ciwon ido in ba a ɗauki mataki ba. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ga mai shan kabimazol ba abin kai wa kemis ba ne: a tsayar da maganin, a auna jini a ranar, don yakan rage ƙwayoyin yaƙi da cuta ga wasu. Ciki kuma ku jinkirta shi ku yi shawara da likita, don akwai magungunan da dole a sauya kafin a ɗauka. In har yanzu kina shayarwa, wannan ma ki faɗa.

Kin tambaya ko idonki zai koma yadda yake. Ja, ciwo da kumburin fata za su tafi. Janyewar fatar ido takan ragu ga mutane da yawa. Firfitowa ba ta cika komawa da kanta gaba ɗaya ba, tsokar da ta riga ta ƙandare ma haka. A nan ne aikin tiyata ke shigowa, bayan awo ya tsaya wuri ɗaya kamar wata 6, kuma yana da tsari: in akwai bukata a fara faɗaɗa kwarmin ta hanyar rage ƙashi ko kitse, sannan a kwance tsokar da ta ɗaure a mayar da ita baya kaɗan, fatar ido ce ƙarshe. Abin da ake nema shi ne ki ga abu ɗaya in kin dubi gabanki da in kin dubi ƙasa, wato tafiya, girki da karatun Alƙur'ani. Can sama ko can gefe biyun yana iya saura, wani lokaci kuma aikin sai an maimaita. Ba kowa ke kaiwa ga wuƙa ba, musamman wadda aka tari nata da wuri.

Ita kuma Inna, kada ki tsaya yi mata bayani da bakinki. Matar ɗa in ta ce "ba harara ba ce", musu ake ji. Ki tafi asibiti da maigida, ya ji daga bakin likita, shi ya zo ya faɗa wa mahaifiyarsa. Ki nemo hotonki na biki ko na sunan fari, ki tafi da shi, don likita zai so ya ga idanunki na da. In kun dawo maigida ya ajiye wa Inna shi ta kwatanta da kanta. Wajen gaisuwa ki bar idonki a ƙasa har ki gama, wanda dama shi ne ladabi, kuma shi ne inda idon ya fi hutawa. In hira ce ki zauna daidai da ita, ko ki ɗan ja baya, don kada sai kin ɗago. Ranar allurar farko kuma ki roƙe ta ta raka ki, ki ce mata ba kya iya tsallaka titi ke kaɗai, wanda gaskiya ne. Ki haɗa takardun gwajin jininki duka da kwalin maganin da kike sha a jaka ɗaya, ku fita da sassafe don layin kati.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya zuri'a.